Ranar da Na Shanya Motar Yaya

Har yau akwai tsofaffin direbobi a tashar Jega da idan suka hango ni sai su ce, ga malam mai shanyar mota. Da can raina yakan ɓaci ƙwarai, har na taɓa barin shayina da zafinsa a teburin mai shayi na yi tafiyata saboda wannan magana. Yanzu na tsufa, waɗanda suka san asalin sunan kuma sun kusa ƙarewa, don haka gara in faɗi yadda aka yi da bakina.

Lokacin muna cikin jihar Sakkwato ne, ba a yanke mana Kebbi ba. Ina koyarwa a wata firamare a Maiyama, sai ranar Juma'a da yamma in hau babur in dawo gida Jega. Yayana, wanda nake bi wa, direba ne. Motar haya gare shi, tasa ta kansa, shuɗiya mai duhu, irin mai dogon bayan nan. Jega zuwa Sakkwato yake yi. Ban taɓa ganin mutum mai son abu yadda Yaya ke son motar nan ba. Albasar Aliero ko an roƙe shi ba ya ɗauka, wai warinta na kama kujera. Fasinja ya jingina da ƙofa yana cin goro, sai ya ce masa ya matsa. Kuma duk shekara, kafin ruwan farko, yakan ware yini guda ya shafe ta da man goge mota, wanda direbobi ke kira folish, don kada ruwan damina ya zauna a jikin fenti tsatsa ta samu hanya. Ni ban taɓa tsayawa na ga yadda yake yi ba. A ganina wauta ce ƙato da gemunsa ya yini yana shafar ƙarfe.

A ƙarshen sanyin wata shekara ya kai 'yan biki Andarai. Yana dawowa ya tarar da wani direba a gefen hanya taya ta fashe masa, ya tsaya ya taimaka. Jak ya goce, motar mutumin ta sauko a kan ƙafar Yaya ta hagu, ƙashin ƙwauri ya karye wuri biyu. Aka wuce da shi Aliero, don duk ƙasar nan an san can ake kai karaya. Wani abokinsa ya tuƙo motarsa ya ajiye ta a filin ƙofar gidanmu, ba a gindin dogon yaron da Yaya ya saba ajiye ta ba.

Ya yi wajen wata biyu a gidan maɗori. Ranar da muka je ɗauko shi, tsohon ya kwance karan ɗorin, ya bi ƙwaurin da yatsa sama da ƙasa, sannan ya ja ni gefe.

"Ƙashi ya kama," in ji shi. "Nawa aikin ya ƙare, saura nashi. Ya taka ta. In damina ta zauna bai taka ba, jijiya za ta sandare, kuma in ta sandare kada ku maido mani shi, don ba ni da abin yi."

Yaya bai taka ba. Sau ɗaya ya gwada, ranar da muka iso gida. Ya ɗora ƙafar ƙasa, ya yi ƙara, ya ce ya ji ƙashin ya motsa. Daga nan ya kwanta a ɗaki ya juya wa duniya baya. Matarsa ta yi kuka, abokansa na tasha suka yi ta sintiri, limamin unguwa ya zo ya yi masa nasiha. A banza. Ko bayan gida sai an riƙe shi, ƙafar na reto a sama. Mutumin da muryarsa ke cika tasha ya koma magana ƙasa-ƙasa. Ni kuwa Allah bai ba ni haƙuri ba. Wata Asabar na shiga na zazzage masa, na ce ragwanci ne, na ce yaran ajina ma sun fi shi zuciya. Ya bari har na gama, ko juyowa bai yi ba.

"Malam," ya ce, don haka yake kirana tun da na kama aiki, "ƙahwar nan taka ce ko tawa?"

Na fito ina huci, amma wallahi tsoro ne ya cika mani ciki. Ina son Yaya. Shi ya riƙe gidanmu bayan rasuwar Baba, shi ya tsaya har na gama kwalejin horon malamai. Ga bazara ta kai maƙura, hadari ya fara leƙowa ta gabas da yamma, maganar maɗori kuma ba ta bar kunnena ba.

Inna, mahaifiyarmu, ita kaɗai ce ba ta taɓa ce masa ya tashi ba. Ƙaramar mace ce mai ƙarancin magana, kullum tana tsakar gida da abin shanyarta, yau kuɓewa, gobe tattasai. A ranar nan ta kira ni.

"Ruwa ya kusa," ta ce, "kuma motar ɗan'uwanka ba ta sha manta ba bana. Kai za ka shafa mata."

Na ce ni ban san komai a kai ba. Ta ce in je in tambayi mai ita. Na leƙa ɗakin na tambayi Yaya wane iri yake saye. Ya ce, "Duk wanda ka ga dama." Wannan amsa ta fi duk abin da ya faru tayar mani da hankali. Mutumin da ba ya yarda a jingina da motarsa, shi ne yau bai damu da abin da za a shafa mata ba.

A makarantarmu akwai wani malamin lissafi, Kirista ne daga wajen Jos, ya girme ni nesa, mai sanyin hali. Yana da 'yar ƙaramar mota da yake gogewa duk Asabar saboda zuwa coci. Na gaya masa damuwata, ya ce zai raka ni. Ranar Juma'ar da ta biyo muka zo Jega tare, muka shiga shagon wani Ibo mai sayar da kayan mota kusa da tasha. Mai shagon ya jera mana iri uku a kan kanta.

Na farko a kwalba yake, fari, ruwa-ruwa kamar kindirmo da aka dama. Shi idona ya fara faɗawa, don mai shagon ya ce ko mace mai goyo za ta shafa shi ta gama kafin ta ɗora tukunya. Abokina ya girgiza kai, ya ce ruwa biyu masu ƙarfi za su wanke shi. Na biyu a gwangwani, ja-ja. Ya ce in laƙato in murza tsakanin yatsuna. Na ji tsaki-tsaki a ciki. Ya ce wannan ba kariya ba ne, na cin fentin da ya mutu ne, in na shafa shi a motar da fentinta ke da rai to zan kankare mata fata. Na uku a wani faffaɗan gwangwani yake, rawaya-rawaya, da tauri kamar man kaɗe a cikin sanyi. Sai da na danna da farce sannan ya lotsa.

"In dai damina kake tsoro, wannan za ka ɗauka," in ji shi. "Shi ne zai kai ka kaka. Amma fa zai ci hannunka, don da ƙarfin damtse ake fitar da shi."

Mai shagon ya ce ai irinsa Yaya ya saba saye. Shi ke nan, magana ta ƙare, na ɗauka. Muna fitowa abokina ya ce, "Sai dai malam ka kula, ba a shafa shi a..." Na katse shi. Na ce haba, shafa mai ne kuma sai an buɗe mani aji? Ya yi murmushi ya bar maganar, don ya san halina. Akwai kuma rubutu ƙanana a bayan gwangwanin. Ni da nake zane yara saboda sun amsa tambaya ba su karanta ta ba, ko kallon rubutun nan ban yi ba.

Washegari Asabar na tashi da ƙarfina. Na jawo ruwa a rijiya na wanke motar tas, ta bushe nan da nan. Kafin in buɗe gwangwani hantsi ya ɗaga, ƙarfen har ya fara zafi. Na ce a raina, tunda kariya ake nema, to a yawaita. Na laƙato da tsumma na yi ta yaɓawa, tun daga rufi har bamba, ƙofofi, murfin inji, har baƙar robar da ta zagaye gilashi ban bari ba. Gwangwanin da Yaya ke shekara biyu da shi, na ga gindinsa a zama ɗaya. Na ɗauki wani tsumman zan fara gogewa ke nan, sai ga Inna ta fito zaure da faifai a hannu.

"Mi kake gaggawa?" ta ce. "Bar shi ya sha rana. Babana baduku ne, in ya shafa wa fata mai, shanya ta yake yi sai man ya shiga jiki. Shigo ka sha fura, in an yi la'asar ka goge."

Maganar ta shige ni. Mu nan komai rana muke ba wa, hatsi, albasa, fata, tufafi. Me zai hana mota? Na shiga na sha fura, na yi azahar, har na ɗan runtsa.

Da la'asar na fito, sai na tsaya cik. Motar Yaya ta koma fara. Ba fari mai kyau ba, dabbare-dabbare, kamar bangon da aka shafa wa farar ƙasa da tsintsiya, duk inda hannuna ya bi ga sawunsa nan. Na sa tsumma na goga, ko gezau. Na ƙara ƙarfi, tsumman ya yage. Man ya ƙone ya manne da fenti, ƙarfen kuma ba ya taɓuwa don zafi. Na kawo ruwa, ruwan ya gangare ya bar shi yadda yake. Tafin hannuna ya yi bororo, gumi na shiga mani ido, ina zagin mai shago, ina zagin gwangwani, ina zagin wanda ya ƙirƙiro shi.

Gidanmu kuwa a kan hanyar tasha yake. Kafin ka ce me, direbobi huɗu sun tsaya. Ɗaya ya tambaye ni tun yaushe man ke jiki. Na ce tun hantsi. Ya ce a cikin zafin ranar nan? Na ce ai shanya shi na yi ya shiga jiki. Dariyar da suka yi, har wani ya zauna a ƙasa yana riƙe ciki. A nan aka raɗa mani sunan da na ambata.

Ina cikin wannan hali na jiyo muryar Inna daga tsakar gida, ita da ba a jin muryarta, tana gaya wa matar Yaya da ƙarfi, daidai tagar ɗakinsa: "Malam ya gyara mota. Ta koma fara fat, in kin gan ta ba ki gane ta."

Sai muka ji ƙwas, ƙwas, ƙarar sanda a daɓe. Yaya ne ya fito, hannu ɗaya a bango, ɗaya a sanda, yana tsalle da ƙafar dama, ta hagu a sama. Ya rame, gemunsa ya yi buzu-buzu, hasken waje na kashe masa ido. Rabonsa da ƙofar gida tun ranar da aka dawo da shi. Ya daɗe yana kallon motar. Direbobin suka haɗiye dariyarsu.

"Wa ya ce ka shanya ta?" ya tambaya.

Na dubi Inna. Tana tsaye a bakin zaure tana tsince wani abu a faifanta, kamar ba da ita ake ba. Saura kaɗan in ce ita ce. Amma ba a kunyata uwa a gaban 'yan tasha. Na ce, "Ni na ga ya dace."

Ranar na sha faɗan da ban taɓa sha ba. Muryar nan ta tasha ta dawo gaba ɗaya. Ya ce ashe haka ake ba ni ɗiyan mutane in koya musu karatu. Ya ce jakin da ke ɗaukar albasa ya fi ni lura. Raina ya ɓaci har idona ya kawo ruwa, amma can ƙasan zuciyata wani daɗi nake ji, don na yi wata uku ban ji ya ɗaga murya ba. Ya sa direbobin suka tura motar gindin dogon yaro. Ya ce a kawo masa kujera 'yar tsugune, a yayyaga tsofaffin singiletinsa, a sayo sabon gwangwani irin wannan dai.

"Kai kuma," ya nuna ni da sanda, "hannunka kada ya sake taɓa ta."

Da safe, kafin in koma Maiyama, na tsaya daga nesa na ga yadda ake yi. A inuwa, ƙarfe da sanyinsa. Ya ɗan jiƙa tsumma ya matse, ya shafo man kaɗan, abin da bai fi a shafa wa leɓe ba. Ya zaɓi wuri kamar faɗin tafin hannu biyu, ya bi shi a zagaye a hankali. Ashe sabon man shi ke tausasa ƙonannen. Ya jira ya ɗan yi hazo, ya ja yatsa a kai ya duba, sannan ya sa busasshen tsumma ya murza har shuɗin ya fito. Wuri ɗaya sai ya yi masa sau uku. Na duba girman motar, na duba ɗan wurin da ya gyara, na ce lallai na ɗora wa bawan Allah aiki.

Juma'ar da ta biyo na tarar ya gama duk abin da hannu ke kaiwa daga zaune, ƙofofi huɗu da madigadi. Matarsa ta ce kullum da ya idar da sallar asuba yake fita, kuma ya fara cinye tuwonsa. Wata Juma'ar na tarar da shi tsaye yana goge murfin inji, sanda a hammata, ya jingina cinyarsa da mota. Na saci kallon ƙafar. Babban yatsa kawai ke taɓa ƙasa, diddige na sama. An riga an yi yayyafi sau biyu a garuruwan kudu da mu, mutanen Giwa Tazo har sun fara maganar shuka.

A Juma'a ta uku saura rufi kaɗai. Na iso da la'asar, gabas ta yi baƙi ƙirin, iska ta fara kaɗa ganyen dogon yaro. Yaya na tsaye ya gama gefen rufin, tsakiya ce ta rage, fara fat, inda na fi yaɓa man. Na ce, "Yaya, kawo in ƙarasa maka, ruwa zai sauko." Ko kallona bai yi ba.

Rufin mota ba ya goguwa da sanda a hammata. Hannu ɗaya na riƙe da gwangwani, ɗaya na tsumma, kuma sai mutum ya miƙe sosai kafin ya kai tsakiya. Ya jingina sandar da tayar gaba. Ya manna cikinsa da ƙofa, ya miƙa hannu a kan ƙafa ɗaya, bai kai ba. Ya sake miƙawa, ya yi tangaɗi. Aka yi tsawa can nesa. Ni dai ƙasa nake kallo, sai na ga diddigen hagu ya sauka, ya zauna daram a kan turɓaya.

Hannunsa ya tsaya. Na ga jijiyar wuyansa ta tashi, gumi ya keto masa. Na ce yanzu zai yi ƙara ya zube. Bai zube ba. Ya ja numfashi, ya ci gaba da murza tsumma. Da ya gama nan ya matsa baya, taku ɗaya, dama sannan hagu. Ya sake matsawa. Ya dafa mota ya zagaya ta bayanta, ya koma ɗaya gefen, yana ɗingishi yana gogewa. Sandar na nan jingine da tayar gaba inda ya bar ta. Na waiga, na ga Inna a bakin zaure. Ta kalli ƙafar, ta gyara mayafinta, ta koma ciki.

Ruwan ya sauko yana kan gogen ƙarshe. Muka tsaya a gindin bishiyar muna jiƙewa. Ruwan ba ya zama a jikin motar, sai ya dunƙule ƙwaya-ƙwaya ya gangare.

"Ka gani, Malam?" in ji Yaya. "Haka ake yi. Ɗauko mani sandata can."

Na ce in yana so ya je ya ɗauko da kansa. Ya harare ni, sannan ya taka ya je ya ɗauko.

Kafin kaka ya koma hanya. Ɗingishin bai rabu da shi ba, amma ƙafar na taka kuloci, ya kuma yi shekaru masu yawa yana tuƙi. Ni kuma sunana ya bi tasha, har yaran da ba a haifa ba a lokacin sun taso sun ji shi.

Sai bayan shekaru, Inna ta tsufa sosai, wata rana ina zaune kusa da ita tana ɓarar gyaɗa, abin ya faɗo mani a rai. Na ce, "Inna, kafin karayar nan, sau nawa kika ga Yaya yana shafa wa motarsa mai?"

"Duk shekara, tun da ya saye ta."

"A ina yake yi?"

"Gindin dogon yaro, da sassahe, kaɗan-kaɗan."

"To don me kika ce in bar ta a rana?"

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "Lallashi anka yi bai tashi ba. Hwaɗa ka yi bai tashi ba. Ni na haihe shi. Na san ko gidan ga ya kama wuta yana iya kwanciyarshi, amma ba ya kwance a ɓata mishi mota."

Na ce, "To ni fa, Inna? Kin san sunan da ake kirana da shi a tasha har yau?"

"Na sani," ta ce. Ta zuba mani gyaɗa a tafin hannu. "Kai ƙahwarka biyu lahiya lau. Kana iya ɗaukar suna."

Ban taɓa gaya wa Yaya ba. Har ya koma ga Allah, duk shekara in hadari ya fara haɗuwa sai ya aiko a gaya mani zai shafa wa mota mai, in taimaka in yi nesa da ita.